Tumatirin Bayan Rijiya

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti? Yaya ƙafar ɗanki Sarkin Ɓarna, ta warke ko ya sake hawa katanga? Mu nan lafiya lau muke. Inna tana gaishe ki, Baba ma haka. Bayansa ya yi sauƙi, sai dai in ya daɗe a sunkuye.

Yaya, na jawo wa kaina magana, kuma ke kaɗai zan faɗa wa ba tare da maƙwabta sun ji ba.

Kin san gidan abincin nan na manya da Baba yake kai wa kayan lambu tun kafin a haife ni, wanda muke kira Ƙofar Baya saboda iyakar abin da muka sani nasa ke nan. Kin san tsarinsu: ba su da tsayayyen abinci. Sai masu lambu da masunta sun kawo abin da aka samu ranar, Kuku ya duba ya ɗanɗana, sannan ya ɗauki alli ya rubuta abincin ranar a baƙin allon da ke ƙofar gaba, kowane abu da sunan wanda ya kawo shi. Shekara talatin ke nan duk lokacin tumatir ana rubuta "Tumatirin Mai Rijiya" a allon, da laƙabin Baba. Baba bai taɓa shiga ya zauna ba, amma kin san yadda yake ji da wannan layi ɗaya.

To bana tumatirin Baba bai yi ba. Irin nan da ya gada daga Kaka ya gaji. Fata kauri, ciki ruwa, yana nuna yana tsagewa, idon Baba kuma ya rage, ba ya ganin tsagar. Da yake ni nake kai kaya yanzu, ni Kuku ya ja gefe wata biyu da suka wuce. Yana sosa ƙeya ya ce ba zai iya ajiye wa baƙi wannan ba, in lallaɓa in faɗa wa Baba. Ke za ki iya faɗa masa? Ni dai na kasa.

Ga inda ɓarnar take. Kin tuna gangaren bayan rijiya inda ruwan wanke-wanke yake kwarara, wurin da Baba ya ce ko ƙaya ba ta son ƙasarsa? Bara wani tumatir ya fito a can da kansa. Na tsinka na sa a baki, na tsaya cak. Na ajiye irin, bana na shuka fangali shida a ɓoye. Baba ba ya sauka can saboda bayansa, kuma kin san dokarsa: baƙon iri ba ya shiga lambunsa. Ni kuwa a wurinsa har yanzu 'yar ofis ce da aka aro kafin ya warke, aikina ban ruwa da ɗaukar kwando.

Saboda haka kullum da safe Baba yana cika kwanduna da nasa, in ɗora a mota, in zagaya bayan rijiya in musanya da nawa. Nasa kuma in mayar wa Inna ta ƙofar kicin. Eh, Inna ta sani, ita ce ma mai gadi. Tana dafawa, tana shanyawa, tana rabawa dangi. Wata biyu ke nan Baba yana cin miyar tumatir safe da rana, har ya fara tambaya ko an hana sayar da sauran kayan miya a kasuwa ne.

Kuku kuwa da ya ɗanɗana nawa sai da ya rufe ido. Ya ɗauka tsoho ne ya sauya iri, ya ce in gaishe shi da ƙoƙari. Ban ce masa eh ba, ban ce a'a ba. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa ta yi 'ya'ya jajaye kwando-kwando, har baƙi suna tambayar ranar da za a sake kawowa.

Jiya sai ga kati mai ruwan zinariya. Wai ranar Asabar ta sama an ware wa Baba tebur, shi da Inna da ni, abincin rana, don murnar cikarsa shekara talatin da gidan. Baba ya sa na karanta masa katin sau uku. Ya sa an ciro rigarsa ta ƙasan akwati an shanya.

Yaya, mutumin da yake gane gonar da albasa ta fito da ƙanshi kawai, zai kasa gane tumatirin da ba nasa ba? Ina tsoron in karya masa zuciya a gaban mutane. Ina kuma tsoron ya ce in tattara in koma ofis, alhali ni lambun nan nake so, ban taɓa son wani aiki kamarsa ba. Ki ba ni shawara da gaggawa.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Laraba

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kin huta gajiyar aiki, kuma murar 'yarki 'Yar Lele ta sake ta. Na ga wasiƙarki, na karanta a bayan rijiya don kada a ga fuskata.

Shawararki mai kyau ce, irin ta wanda yake nesa. "Ki faɗa masa gaskiya kawai." Ke da kika fasa masa tulun feshi muna yara kika ce akuya ce, yau ke ce mai wa'azin gaskiya. To na gwada. Shekaranjiya na same shi zaune a bakin rijiya yana gyara igiya, na zauna kusa da shi, na yi gyaran murya. Kafin in buɗe baki ya fara ba ni labarin ranar da ya fara ƙwanƙwasa ƙofar bayan nan da kwando ɗaya a kan keke. Ya ce lokacin Kuku wanke tukwane yake yi, shi ne ya saci tumatir ɗaya ya ci, ya ruga ya kira mai gidan. Baba yana faɗa yana dariya har da share hawaye. Ya juyo ya tambaye ni me nake son cewa. Na ce igiyar ta yi kyau.

Na gwada ta wata hanyar. Na ce wa Kuku ai Baba ya fi son tumatir dafaffe, a nuƙa shi cikin miya da yaji sosai. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Ya ce wanda ya ɗora wannan tumatir a wuta ya ci amanar wanda ya noma shi, ɗanye zai yanka shi, ɗan gishiri, ɗan mai, shi ke nan. Haka na fito, dabarar ba ta ci ba.

A gida kuwa makaranta aka buɗe. Inna tana koya wa Baba cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu, ita da ta gani a talabijin kawai. Jiya yankan kabewa ya tashi daga farantinsa ya sauka a cinyarta. Ya ce shi shekara sittin yana riƙe fartanya, ƙaramin ƙarfe ba zai kunyata shi ba. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, sannan na tuna Asabar, dariyar ta tsaya.

Ki yi mini addu'a. Ki gaida maigidanki.

Taki har kullum,
Auta


Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya gaba ɗayanku. Mu ma da rai da lafiya, amma ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Tun daga gida aka fara. Baba ya fito tsaf cikin rigarsa, sai ga shi rungume da kwandon albasa. Inna ta ce ina za shi da wannan. Ya ce shekara talatin bai taɓa zuwa gidan nan hannu rabbana ba, ba yau zai fara ba. Da muka isa kuma ƙafarsa da kanta ta kwashe shi zuwa lungun ƙofar baya, ya ƙwanƙwasa sau biyu yadda ya saba. Masu aikin kicin suka buɗe suka gan shi fes da kwando, suka yi ta dariya suna tafi. Suka karɓi albasar, Kuku da kansa ya riƙo hannunsa ya zagayo da shi ta titi zuwa ƙofar gaba.

A nan Baba ya tsaya gaban allon. Ya matsa kusa, ya bi layin da yatsa ba tare da ya taɓa ba. Ni kuwa ina bayansa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya, cikin wurin nan ya yi kyau. Ba ƙyale-ƙyale, tsoffin tebura ne na katako da fararen mayafai, tagogi dogaye, rana tana shigowa ta kan tukwanen ganye. Mutane suna magana ƙasa-ƙasa kamar an kwantar da jariri. Mai kawo abinci ya ja wa Inna kujera, ta ɗauka ɗauke ta zai yi, ta riƙe gam. Aka shimfiɗa wa kowa farin ƙyalle a cinya. Baba ya shafa nasa ya ce wannan ya fi ƙarfin goge baki.

Aka fara da burodi mai zafi da man shanu, sai wata 'yar miyar kabewa a kofi kamar na shayi. Kowane abu aka ajiye, mai kawowa sai ya faɗi wanda ya noma shi. Wannan fa ya yi wa Baba daɗi, don duk ya san su. Ya ɗanɗani karas ya ce na Dogo ne, ya yi gaggawar cirewa da kwana huɗu. Ya ɗanɗani latas ya ce na Gwauro ne, har yanzu yana cika ruwa. Mai kawo abincin ya saki baki yana kallonsa, don duk daidai ne. Inna kuma tana raɗa mini wai yanzu abin da muke ci a tsaye cikin lambu shi ne masu kuɗi suke sa turare su zo ci a zaune. Da aka kawo kifi ɗan mitsitsi a tsakiyar faranti mai faɗin tire, ta leƙa ta ce sauran yana hanya ko. Amma da ta sa a baki, sai da ta sharce farantin da burodi. Gaskiya sun iya. Ban san kabewar da nake ɗauka kullum tana iya zama haka ba.

Sai ga tumatir.

An yanka shi faifai-faifai, ja wur, da ɗan gishiri da mai da ganye biyu. Mai kawowa ya sunkuya da ladabi ya ce, "Wannan kuma naka ne, Baba." Baba ya ɗauki cokalinsa mai yatsu, kuma wallahi bai kuskure ba. Ya sa a baki. Ya tauna a hankali. Ya dubi farantin, ya ɗauki na biyu. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Inna ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur har yau wurin yana ciwo.

Ya cinye tas ya ce a ƙaro. Na biyun ne ya ba mu kunya, don sai ya koma tsince 'ya'yan da bakin wuƙa yana gogewa a farin ƙyallen nan. Inna ta ce masa a hankali ya daina, ana kallo. Ya ce haƙorinsa suke shiga. Ya naɗe ƙyallen ya tura aljihu, mutumin da ko tsinke bai taɓa ɗauka a gidan wani ba.

Daga nan Kuku ya fito da farar hularsa, ya buga cokali a kofi, ya gabatar da Baba ga duk ɗakin. Ya ce shekara talatin wannan dattijo bai taɓa makara ba, bai taɓa ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan kwando ba, kuma bana ya kawo tumatirin da ya fi na kowace shekara. Aka yi tafi. Baba ya dafa tebur ya miƙe a hankali. Ya jira tafin ya lafa, ya ce, "Na gode. Amma wannan ba nawa ba ne."

Ya ce nasa fatarsa ta fi kauri, kuma bana bai yi ba, ya sani tun farkon nuna, harshensa bai tsufa ba ko da idonsa ya tsufa. Ya ce ya yi ta jiran ranar da za a dawo masa da kwanduna, ba a dawo da su ba, ya ɗauka kara ake yi masa. Wannan kuwa, in ji shi, ya sha ruwan toka da na wanke-wanke, kuma wuri ɗaya ne a lambunsa ruwan nan yake bi. Ya ce bai taɓa shigo da kayan wani da sunansa ba, ba zai karɓi godiyar wani ba. Sai ya ce a ba shi alli.

Kuku ya dube ni, na sunkuyar da kai. Muka bi Baba har bakin ƙofa. Kin san rubutunsa, kowane harafi kamar yana haƙa rami. Bai goge komai ba. Ya ɗan matsa tsakanin kalmomin ya cusa guda ɗaya a karkace, allon ya koma "Tumatirin Autar Mai Rijiya". Kuku ya fashe da dariya ya ce ashe wata biyu ana yi masa wasa da hankali a kicin ɗinsa. Aka sake tafi, wata mata mai gilashi har ta rungume ni. Ni kuwa kuka nake yi sosai, ba na ado ba.

Amma Yaya, tsugune ba ta ƙare ba. Mun koma mun ci kayan zaƙi, wani abu na zuma da lemo da ban ji ɗanɗanonsa ba sam. A mota magana ɗaya kawai Baba ya yi, ita ma ga Inna: ashe shi ya sa wata biyu ake ɗura masa miyar tumatir. Tun jiya bai yi mini magana ba. Na gaishe shi da safe ya amsa da ka. Bai cika kwando ba yau, ya shige rumfar iri ya turo ƙofa. Ban sani ba ko gyaran allon nan yafiya ce, ko kuwa gaskiyarsa kawai ya fitar ya bar ni da tawa. Na fara duba takardun ofis ɗina ko da za a ce in tafi.

Ki rubuto masa, yana jin maganarki. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki mai laifi,
Auta


Ranar Alhamis

Yayata abar alfaharina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da maigida, da Sarkin Ɓarna da 'Yar Lele. In kin riga kin rubuta wa Baba wasiƙar ban haƙuri, ki ajiye ta, wata rana za ta yi miki amfani a kan tulun feshi.

Kwana huɗu Baba yana shiga rumfar iri yana fitowa ba ya kula ni. Yau da safe na je ɗaukar bokiti sai na tarar da ƙofar a buɗe. A kan benci, inda rana take faɗowa, ga farin ƙyallen gidan abinci a shimfiɗe, an danne kusurwoyinsa da duwatsu. 'Ya'yan tumatirina ne a jere a kai, sun bushe, an ware su ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba haƙori ba ne. Iri ya sato daga farantin mutane.

Ina tsaye sai na ji shi a bayana. Ya ce in daina kallo kamar ban taɓa ganin iri ba. Ya ce laifina biyu ne. Na farko, na bar shi ya ji daga faranti abin da ya kamata ya ji daga bakina, kuma wannan ya yi masa ciwo. Na ba shi haƙuri har ƙasa, ya ce ya wuce. Na biyu, ina tsinkar tumatirin da wuri, da na ƙara masa kwana ɗaya da ya fi haka. Na ce to me ya sa bai roƙe ni irin ba, ga shi cike da gwangwani a ɗakina. Ya ce shi ba ya roƙon 'yar ofis iri.

Daga nan ya sa na riƙe masa hannu muka gangara bayan rijiya, karo na farko cikin shekara biyu. Ya zagaya fangalin nan shida, ya ɗebi ƙasar ya murza ya sansana. Sannan ya ce Kaka ma a bakin kwata ya tsinci nasa irin, bai dai taɓa faɗa mana ba. Muka hau, ya nuna mini fangalinsa mafi kyau, na kusa da bakin rijiya wanda ko taka shi ba ya bari a yi, ya ce a nan za a yi renon sabon. Ya tambaye ni ruwa sau nawa yake so a rana. Yaya, Baba ne yake tambayata. Na faɗa masa, ya ce ya yi yawa, sannan ya zuba daidai yadda na ce.

Inna ta yi shelar cewa an sallami miyar tumatir daga gidan nan sai baɗi. Ta wanke ƙyallen ta goge shi, don Baba ya ce aro ya yi, ba sata ba, kuma ni zan mayar gobe in ba da haƙuri. Na ce to, zan miƙa wa masu kicin idan na kai kaya. Ya ce a'a. In na sauke kwanduna a baya, in zagaya in shiga ta gaba in miƙa shi hannu da hannu, in kuma tsaya in duba allon, in tabbatar ba su gyara masa rubutunsa ba.

Takardun ofis na mayar da su ƙasan akwati, inda rigar Baba ta koma. In kun zo hutu ki zo da takalman da ba kya jin tausayinsu, akwai aiki a bayan rijiya.

Inna da Baba suna gaishe ku. Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Autar Mai Rijiya